Saƙon Ruwa da Ya Ƙi Isa Maraɗi

Ranar da abin ya fara, ba mai cewa akwai wata damuwa a gidan Ashiru. La'asar ta yi sanyi. Hafsatu tana tankaɗen garin tuwo a gindin bango, ɗiyarsu Zulai tana kwashe shanya, don hadari ya ɗan taso ta gabas ya kuma watse. Shi kuwa maigidan yana zaune bisa tabarma a ƙofar ɗaki, ya ɗora ordinata, wato kwamfuta, a cinya, sai tsaki yake ja. Kwana tara ke nan yana wannan tsakin.

Bari in gaya muku abin da ke cinsa, kada ku ce mutum ne mai faɗa da na'ura don rashin aikin yi. Ashiru ma'aikacin wani furoje ne, wato shirin taimakon karkara, a Madarunfa, aikinsa gadin ruwa. Can sama wajen iyaka, inda gulbi ke shigowa daga Najeriya, an kafa wani ƙarfe mai awon ruwa da ɗan pano mai ɗaukar hasken rana a kansa. Ƙarfen nan yana gaya wa na'urar Ashiru tsayin ruwa dare da rana. In ruwa ya wuce jan layi, na'urar da kanta take rubuta imel ta tura wa wata ƙungiya a Maraɗi, su kuma su kira gidan rediyo da masu gari. Gulbin nan ba ya shawara da kowa. Sai a tafka ruwa can Najeriya, nan rana tana ƙwalla, bayan awa shida ka ga gona ta zama tafki. Bara saƙon ya tafi a kan kari, mutanen gangare suka kwashe yara da awaki da hatsi kafin ruwa ya iso, ko kaza ba a rasa ba. Har yau in Ashiru ya ratsa kasuwa ana ɗaga masa hannu.

Bana kuwa saƙo ya ƙi tafiya. In ya tura na gwaji ga abokan aikinsa na cikin biro, wato ofishinsu, kafin ya ɗage yatsa ya isa. In ya tura Maraɗi, shiru. Na'ura ta rubuta masa cewa an aika, saƙon bai dawo ba, can kuma ba a gan shi ba. Ga watan Agusta ya kama, gulbi yana ta cika ciki. Da wuta ta dame su da ɗaukewa a biro, sai ya nemi izinin shef, shugabansu, ya kwaso na'urar ya kawo gida, inda yake da pano da batiri nasa.

A wannan yammacin ya sake kiran Madam Zahara'u, mai kula da na'urorin ƙungiyar ta Maraɗi.

"Malam Ashiru, wallahi na yi duk abin da ake yi," in ji ta. "Adireshinku yana cikin jerin waɗanda muka amince da su, da hannuna na sa shi. Na duba kwandon saƙonnin banza, babu. Na duba mai tace saƙo, bai tsare komai naku ba. Saƙonka ko ƙofarmu bai ƙwanƙwasa ba."

"To ina yake zuwa, Madam? Ya fita daga nan, ga shaida a gabana."

"Sake turowa yanzu ina kallo."

Ya danna. A daidai wannan lokacin wani abu ya faɗo bisa kwanon ɗaki, ƙwal! Ya gangaro ya faɗi gaban tabarmarsa. Hafsatu ta ɗaga kai ta fara mitar yaran maƙwabta da rashin tarbiyya. Ashiru ya miƙa hannu ya ɗauka. Dutse ne ɗan madaidaici, mai santsi, jiƙe sharkaf, da laka baƙa a jikinsa. Kwana huɗu rabon garin da ruwan sama. Ya sansana, ya ji ƙarnin gulbi.

"Bai zo ba," in ji Madam a waya.

Ya sake dannawa. Ƙwal! Wani dutsen.

Ashiru ɗan boko ne, kuma mai taurin kai, irin mutanen da sai sun taɓa wuta sau uku su yarda tana ƙuna. Ya leƙa bayan gida, ba kowa a lungu sai akuyar maƙwabci. Ya dawo ya jira aka daɗe, ba dutse. Ya danna, dutse ya faɗo. A nan ne ya yarda. Ya rufe na'urar a hankali, ya tura duwatsun ƙarƙashin tabarma da ƙafa, ya ce wa Hafsatu lalle yaran nan sai an yi magana da iyayensu. Aka kira magariba, gidan ya yi tsit, har kajin suka shige akurki ba wanda ya kora su.

Kwana uku ana haka. Da safe ko da rana ya gwada, ba saƙo ba dutse. Da zarar rana ta karkata, inuwar bango ta rufe tsakar gida, kowane gwaji da dutsensa. Ya canza waya, ya canza katin rezo na intanet, ya share saitin na'urar ya sake rubutawa harafi bayan harafi. Hafsatu ta daina zagin yaran maƙwabta. Ta riƙa kulle ɗaki tun kafin a kira salla, tana tofa addu'a a kusurwoyi.

"Maigida, ka fitar mini da abin nan daga gida," ta ce. "Tun da ya shigo ban ƙara jin daɗin tsakar gidana ba."

"In na fitar da shi, wa zai gaya wa mutanen gangare ruwa na zuwa? Mu ma a gangaren muke, Hafsatu."

Ta koma kan tukunyarta, don ta san gaskiya ya faɗa.

Rana ta huɗu, Zulai ta dawo daga ɗiban ruwa a famfo da yamma. Budurwa ce 'yar shekara goma sha shida, mai surutu da dariya, wadda ba ta shiga gida ba tare da labari ba. Ranar nan ko sallama ba ta yi ba. Ta sauke bokiti, ta je ta zauna a gindin randa, ta miƙe ƙafafu, ta kafa wa bango ido. Ashiru yana kan tabarmarsa, ya danna gwaji, ya ɗaga kai yana jiran ƙarar kwano. Kwano bai yi ƙara ba.

Bakin Zulai ne ya buɗe. Muryar da ta fito ba tata ba ce, muryar babbar mace ce, mai kauri, a shaƙe kamar ta mai mura. Ta karanto saƙon da ya tura yanzun nan da Faransanci, tun daga kai har ƙasa, da ranar wata da awa da minti, da tsayin ruwa mita biyu da arba'in. Zulai ba ta taɓa ganin saƙon ba, tana can nesa da shi taku goma. Da ta gama wannan sai ta kama na jiya, ta koma na shekaranjiya, tana jero su ɗaya bayan ɗaya ba ta ko numfasawa.

Hafsatu ta saki muciya ta kwarma salati. Ta ruga ta rungume ɗiyarta, sai ta yi baya da sauri tana duban hannuwanta. Jikin yarinyar sanyi ƙalau, rigarta jiƙe, ruwa yana ɗiga daga kitsonta yana bin wuya.

"Ga inda saƙonka yake zuwa," in ji Hafsatu, tana kuka. "Ga shi nan, maigida. Ka gani da idonka?"

Ashiru ya sauke na'urar daga cinyarsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kuma kunya, don ya san shi ya ɓoye duwatsu ƙarƙashin tabarma har kwana uku.

Kwana biyu Zulai ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta gane kowa ba. An kai ta likita, aka auna jini, aka ce ba zazzaɓi ba komai, aka sa mata ruwa leda ɗaya aka sallame su. Idanunta suka faɗa, leɓɓanta suka bushe, amma tabarmar da take kwance kullum a jiƙe. Ashiru ya rufe na'ura ya cusa ƙarƙashin gado, bai hana komai ba. Ƙarfen can na iyaka yana ta awonsa, yarinya tana ta faɗin tsayin ruwa da wannan murya, kuma kullum lambar ƙaruwa take. A rana ta uku ya hau moto, wato babur, ya tafi ƙauyen Safo ya ɗauko Malam Usman.

Malam Usman tsoho ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma ba ya son gaggawa. Ya iso bayan azahar, ya zauna ya sa Ashiru ya ba shi labari tun daga kafa ƙarfe. Ya sa aka kawo duwatsun, ya juya su a tafin hannu. Ya yi la'asar, ya ce a fito da yarinyar tsakar gida, uwarta ta riƙe ta, a lulluɓe ta da zane, a fito da na'urar ma a buɗe. Sannan ya durƙusa ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa.

An daɗe ba abin da ya motsa. Inuwa ta ci rabin gida, ta ci sauran. Tsuntsayen da ke kan darbejiya suka yi shiru gaba ɗaya. Can sai yatsun ƙafar Zulai suka fara rawa, rawar ta hau gwiwa, ta hau ƙirji. Ta tashi zaune da ƙarfin da ya kusa kayar da uwarta.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni," in ji muryar nan mai kauri.

"Salamu alaikum," in ji Malam. "Wa nake magana da shi?"

"Wa alaikumus salam. Sunana ba naka ba ne. Gidana yana bakin gulbi, gindin kurnar da ke ƙasan mashaya. Kakanninku sun tarar da mu a can."

"Kin amsa sallama, ke musulma ce ke nan. Mi yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ne."

Kan Zulai ya juyo a hankali, idanun suka sauka kan Ashiru. Ya dafa bango.

"Bara," in ji muryar, "muna zaune rana tsaka, sama fes, sai muka ga 'yan Adam suna kwashe kaya. Suka kwashe yara, suka kwashe awaki, har turmi da taɓarya. Ta gabanmu suka yi ta wucewa, ba wanda ya ce mana ci kanku. Muka yi ta dariya, muka ce 'yan Adam sun haukace. Da yamma ruwa ya zo." Ta tsaya, ƙirjin yarinyar yana sama yana ƙasa. "Ɗiya bakwai gare ni. Biyar na fitar."

Hafsatu, da take riƙe da ita, ta sunkuyar da kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam. "Allah ya ba ki haƙuri."

"Kuna cewa mun san gaibu. Da mun sani, da ruwa ya ci mini ɗiya? Shekara guda ina neman wanda ya gaya muku. A bakin mata masu wanki na ji, wai akwatin Ashiru ne. Na zo na gani. Yana aika wa baƙi can Maraɗi, waɗanda ruwan ko ƙafarsu ba ya taɓawa, ya tsallake mu da muke kwance a bakinsa. To na zauna a kan hanyar. Ba saƙon da zai wuce. Bana mu duka mu kwana cikin rashin sani, in ya so ya ji abin da na ji."

"Ban san kuna can ba," in ji Ashiru. "Wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Ashiru ya kawar da kai.

"Kin yi rashi, kin kuma yi zalunci," in ji Malam. "Yarinyar nan kwana uku ba ta ci ba. A gangare akwai ɗiyan mutane da ba su san ki ba, ba su yi miki komai ba. Faɗi abin da zai fitar da ke."

"A yanka mini baƙin bunsuru a gindin kurna."

"Ba za a yanka ba. Jini na Allah ne shi kaɗai, kin sani sarai tunda kin ce ke musulma ce." Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin Zulai ya sandare, ta yi wata ƙara da ta sa karnukan unguwa suka ɗauki haushi.

"Tsaya! Tsaya, na bar bunsuru." Ta yi ta haki. "Madam ɗin can ta ce tana da jerin waɗanda ta amince da su. Shi ma yana da jerin waɗanda yake gaya wa. A sa mu ciki."

Malam ya shafa gemu. Ya dubi Ashiru.

"Wannan kam ba bauta ba ce. Gargaɗin maƙwabci haƙƙi ne. Sai dai ku mutanen kurna ba ku da waya, ba ku da rediyo."

"Yana da ƙafa, yana da baki. Duk ranar da ruwa ya wuce jan layinsa, ya zo gindin kurna da kansa, ba aike ba. Ya yi sallama, ya faɗa sau uku. Kuma mu za a fara gaya wa."

"A'a. Saƙon mutane ya fara fita, ki sakar masa hanya. Yana fita, shi kuma ya kamo hanyar wurinki, ba ya tsayawa ko ɗaukar takalmi."

"In ya saɓa?"

"In ya saɓa, tsakaninsa da Allah ne. Ke dai kin fita daga yarinyar nan har abada."

"In ya saɓa na san hanyar gidan," in ji muryar. "Ya rantse."

Ashiru ya dubi ɗiyarsa, ƙasusuwan wuyanta duk sun fito. Ya rantse da Allah. Malam ya sa ita ma ta rantse, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar ta miƙe, ta yi karkarwa, ta saki. Zulai ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta.

"Inna," ta ce da 'yar muryarta, "yunwa nake ji."

Hafsatu ta fashe da kuka tana dariya, ta rasa ma inda kwanon fura yake. Ashiru ya durƙusa zai yi wa Malam godiya, sai wayarsa ta ɗauki ƙara. Madam Zahara'u ce.

"Malam Ashiru! Mi ka taɓa? Sun shigo gaba ɗaya, saƙo sama da sittin a lokaci guda!" Ya ji tana danne-danne. Da ta sake magana muryarta ta canza. "Na ƙarshen nan ba gwaji ba ne. Ruwa ya wuce jan layi tun ƙarfe goma sha biyu da rabi. Bari in kira rediyo."

Ya dubi agogo, shida ta wuce. Ruwan da ake ba awa shida ya riga ya cinye biyar da rabi a hanya.

"Ku ɗauki yarinyar ku hau tudu, gidan yayana," ya ce wa Hafsatu. "Kada ku tsaya kwasar komai."

"Kai fa? Ba za ta iya tafiya ba, maigida! Ka kai mu tukuna!"

"Ni zan kama miki ita," in ji Malam Usman. "Kai kuma ka rantse. Tahi."

Ashiru ya fita ba takalmi. Unguwa ta riga ta rikice, rediyo yana ta sanarwa, amalanken jakai suna hawa tudu da buhuna da tsofaffi. Kowa sama yake yi, shi kaɗai yake gangarawa. Wani ya kama rigarsa yana cewa ina za ka, ya fizge. Ya wuce gidajen ƙarshe, ya ratsa gonakin gero, hayaniyar gari ta koma baya har ya daina jin ta. Rana ta faɗi, sauran ɗan ja-ja a yamma. Daga kudu yana jin wani gurnani mai nisa wanda ba na hadari ba.

Kurnar tana nan ƙasan mashaya, ita kaɗai, rabin saiwoyinta a waje inda ruwan bara ya zaizaye. Ba kowa. Ko kwaɗo ba ya kuka. Ashiru ya tsaya, ya ji kansa wawa, ga kuma tsoro.

"Salamu alaikum, mutanen gidan nan," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Ruwa na zuwa, ku tashi. Ruwa na zuwa, ku tashi. Ruwa na zuwa, ku tashi."

Shiru. Har ya juya zai gudu.

Sai ya ji ƙarar tukwane ana haɗawa. Ya ji ana naɗe tabarmi, jariri ya tsanyara kuka, wani tsoho yana tari. Ciyawar da ke gabansa ta kwanta, ta buɗe hanya ta hagunsa da damansa. Sawaye suka riƙa fitowa a kan laka, manya da ƙanana, suna hawa tudu, ba ya ganin masu su. Iska mai sanyi tana gogar hannuwansa duk wanda ya wuce. Ya ƙame a tsaye, bakinsa yana ta ambaton Allah.

A can gindin kurnar muryar nan mai kauri ta tashi, tana kiran ɗiyanta ɗaya-ɗaya. Ta kira na farko, ƙaramar murya ta amsa daga gefen Ashiru. Ta kira na biyu, aka amsa. Har biyar ana amsawa. Sannan ta kira na shida. Ba amsa. Ta kira na bakwai. Ta jira, ta sake kiran su biyun, a hankali, tana fuskantar gulbi, gurnanin ruwa yana ta matsowa.

Ashiru bai san lokacin da ya kwasa da gudu ba. Ƙaya ta soke shi bai ji ba, ya faɗi a kunyar gero ya tashi. Yana isa tudu ya tarar da jama'a cunkus a duhun magariba, kowa yana neman nasa. Zulai ɗiyar fari ce, shekara goma sha shida bai taɓa kama sunanta a gaban mutane ba. Ranar nan ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa.

"Zulai! Zulai!"

Daga bayan wani amalanke, da baki cike da fura, ta ce, "Na'am, Baba."